Abincin "oganik": lafiya muke saye ko takarda?

Maman Iman, Abuja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ƙara na kawo, kuma kaina nake ƙara. Kusan shekara biyu ke nan duk Asabar sai na je wani kanti a nan Abuja na sayo kayan miya da ganye masu takardar "oganik", wai ba takin zamani, ba feshi. Tumatir, latas, karas, alayyahu, har ƙwai. Kuɗinsu ya ninka na kasuwar unguwa sau uku, amma nake daurewa saboda yara. To makon jiya na yi sammako, sai na tarar da a-kori-kura tana sauke kaya ta ƙofar baya, manyan kwandunan tumatir ɗin nan da kowa ya sani. Na gaida yaron motar da Hausa, na ce daga wace gona? Ya ce "wace gona kuma Hajiya, daga kasuwa muka yi lodi da asuba." Da na faɗa wa maigidan, dariya ya yi har da tari, ya ce dama takarda nake saye.
Abin da ya fi damuna ma, ƙanina ya dage sai ya mai da gonarmu ta gado oganik zalla, ya ce nan gaba can kuɗi yake. Masana, don Allah, abin nan yana da amfani kuwa? Kuma yana da gobe?

Mai Lambu, Kura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙila ma nawa kika saya 😂 In nawa ne, to wallahi ya sha yuriya ya sha feshi, ba zan ɓoye miki ba.

Uwar Zogale:
Malam Mai Lambu, ba abin dariya ba ne. 'Yar'uwa, an cuce ki, amma don an sayar miki da zumar sukari ba za ki ce babu zuma a duniya ba. Ni shekarata bakwai ina noman ganye a bayan gida da wani ɗan fili, kashin kaji da na awaki da ruɓaɓɓen ganye kawai nake sawa, ƙwari kuma ruwan darbejiya da barkono da sabulu. Ki ajiye alayyahuna da na kasuwa, ki ga wanda zai riga yin ruwa. Ki dafa ki ji ƙamshi. Iyayenmu da kakanninmu da me suka yi noma? Suna da hawan jini da ciwon ƙoda irin na yanzu?

Malamin Gona Mai Ritaya, Zariya:
Hajiya Uwar Zogale, Allah ya ƙara albarka a lambu. Ganye a bayan gida, na yarda da ke ɗari bisa ɗari, ni ma haka nake yi wa zogalena. Amma ƙanin Maman Iman gona yake magana, to bari mu yi lissafin gona.
Buhun yuriya kilo 50 ne, kashi 46 cikin ɗari na abin da ke ciki naitirojin ne, wato kilo 23 ke nan. Busasshen kashin shanu irin namu, wanda ya sha rana ya sha iska, in ka samu kashi ɗaya cikin ɗari ka gode Allah. Ke nan buhu ɗaya na yuriya sai ka tara taki sama da tan biyu kafin ka kamo shi. Masara a yankinmu ana ba da shawarar kilo 120 na naitirojin a hekta guda. Taki tan goma sha biyu ke nan, kuma ba duka shuka za ta samu a daminar farko ba, a hankali yake sakin abincinsa. Yanzu a gaya mini, mai hekta biyar a ina zai samo tan sittin? Shanu nawa za su yi masa? Su kuma shanun me za su ci, a wace makiyaya, tunda burtalin ma mun nome?
Kakanninmu kuma da ake cewa, sun yi noma da taki da hutun ƙasa. Gona ta gaji, a bar ta saura shekaru, a sari wani dajin. Bafulatani ya sauka a gonarka bayan kaka, shanu su kwana a ciki, ka ba shi damin dawa. A kewayen Kano da jama'a suka yi yawa tun da can, jakuna ne ke fitar da shara da toka da kashin dabbobi daga birni cikin mangala, su dawo da itace. Wannan tsari ya ciyar da mutane, amma mutane nawa? Lokacin 'yancin kai a 1960 'yan Najeriya ba su kai miliyan hamsin ba. Yau mun haura miliyan ɗari biyu, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki ashirin ke rabo.

Mai Lambu, Kura:
Yau dai Bazazzagi ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar.

Malamin Gona Mai Ritaya, Zariya:
Bakano, kai dai ka rage feshi ana gobe ɗiba, sannan ka zo mu yi magana.

Ɗan Hamburg:
Barkanmu da warhaka iyayena da yayyena. Ni a Jamus nake, inda abin nan ya yi ƙarfi sosai, "bio" suke ce masa, kusan kowane kanti da ɓangarensa. A nan kalmar doka ce da ita. Ba ka isa ka rubuta ta a kaya ba sai da lambar hukumar da ta duba gonarka, kuma duk shekara sai an zo an duba. Saboda haka irin abin da ya samu Anti Maman Iman da wuya a nan, ko da yake ba a rasa ɓarayi. A Amurka an kama wani manomi ɗan jihar Missouri da ya yi shekaru yana sayar da masara da waken suya na yau da kullum da sunan oganik, cinikin ya haura dala miliyan 140, aka yanke masa sama da shekara goma a 2019. To ƙasar da ke da masu dubawa ke nan.
Game da gobensa, ga abin da na gani da idona. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin kashi 25 cikin ɗari na filayen nomanta su zama oganik kafin 2030. A 2022 suna wajen kashi goma ne. A shekarar da yaƙin Yukiren ya tashi, kaya suka yi tsada, cinikin bio a Jamus ya ragu, abin da ba a saba gani ba. Mutane suka koma kantuna masu araha. A Faransa har madarar bio aka riƙa sayarwa a matsayin madarar yau da kullum don ba masu saye. Da manoma suka fito da taraktoci suka tare hanyoyi, a Fabrairun 2024 Tarayyar ta janye daftarin dokar da za ta rage feshi da rabi. Ban ce zai mutu ba, yana nan da masu sonsa. Amma abincin mai rarar kuɗi ne, aljihu na motsawa shi ake fara ajiyewa.
A duniya gaba ɗaya wajen kashi biyu cikin ɗari ne na filin noma, kuma fiye da rabin wannan a Ostireliya yake, yawancinsa makiyayar dabbobi.

Uwar Zogale:
Ɗana, kasuwa daban, lafiya daban. Ko mutum ɗaya ne ya rage yana saye, in ya fi lafiya ya fi lafiya.

Sista Mai Abinci:
Mama, wannan ɓangaren nawa ne, bari na sa baki. A 2012 masu bincike a jami'ar Stanford sun tattara nazari 237 da aka yi kan wannan tambaya. Ba su samu wata ƙwaƙƙwarar hujja cewa oganik ya fi gina jiki ba. Abin da suka tabbatar shi ne ragowar maganin ƙwari ya fi ƙaranci a jikinsa. A 2014 kuma wasu a jami'ar Newcastle ta Ingila suka tattara nazari 343, su suka ce oganik ya fi yawan wasu sinadarai masu kare jiki, kuma ƙarfen nan mai guba, kadmiyam, ya fi ƙaranci a cikinsa. Kin ga kowa yana da takardar da zai ɗaga. Abin da har yanzu ya yi wuyar nunawa shi ne masu cinsa sun fi tsawon rai ko ƙarancin ciwo saboda shi, don yawanci mai sayen oganik shi ne dai mai kuɗin asibiti, mai motsa jiki, marar shan taba.
Ni abin da nake faɗa wa mata a asibiti: uwar da za ta sayi karas ɗaya na oganik da kuɗin karas uku, gara ta sayi ukun, ta wanke da kyau, yara su ci su ƙoshi. Matsalar yaranmu rashin ganye da ƙwai da wake a kwano ne.
Batun kakanni kuma, Mama, a yi haƙuri, hawan jini yana nan tun da can, na'urar awo ce babu. Mutum ya faɗi a gona a ce iska ce ta buge shi.

Ɗan Hamburg:
Ƙari kan maganar Sista. A 2011 an yi annobar gudawa mai jini a nan arewacin Jamus, sama da mutum hamsin suka mutu, dubbai suka kwanta. Da farko aka ɗora wa kokwambar Sifaniya, manomansu suka yi asara a banza. Daga baya aka gano tsiron hulba ne daga wata gonar oganik, irin kuma daga Masar aka shigo da shi. Ƙwayar cuta ba ta karanta takarda.

Uwar Zogale:
To wannan ai ƙazanta ce, ba laifin oganik ba. Ku kuma ba ku faɗi ɗaya gefen ba. Ku je lambu ku ga yaro ɗan shekara sha biyar goye da tankin feshi, ba safa, ba takunkumi, ƙafa ba takalmi, yana gauraya magani da hannu, iska na dawo masa da shi fuska. Ya gama ya wanke tankin a ruwan da ake sha. Galan ɗin maganin kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Wannan yaron ba ya cikin lissafin Stanford ɗinku? Magungunan da Turawan suka hana a gonakinsu, su ne jibge a kasuwanninmu.

Sista Mai Abinci:
Nan kam ban da ja, Mama. Mai feshin ya fi mai ci shiga haɗari nesa ba kusa ba.

Mai Lambu, Kura:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, ni ma na yi wannan feshin ina yaro, har yau in na shaƙi warin sai kaina ya sara. Amma ku tsaya ku ji ta bakin wanda ya zuba jarinsa a ƙasa. Shekarar 2016 da sharon ta sauka, tsutsar nan da ke shiga cikin ganyen tumatir ta cinye shi ta ciki, da yamma na bar gonata kore shar, bayan kwana uku kamar an bi ta da wuta. Na tsinki ɗa guda na matsa, ciki duk baƙin kashin tsutsa. Kaduna har dokar ta-ɓaci suka sa kan tumatir a shekarar. Na gwada darbejiya, na gwada toka, na gwada maganin kanti kala uku, babu wanda ya tsayar da ita. A shekarar kuma tsutsar masara ta shigo. Wanda ya ci bashin taki da fetur na injin ban ruwa, ka ce masa ya tsaya da ruwan barkono? Kuma wa zai biya ni ƙarin kuɗi? Dillali a kasuwa girma da ja da sheƙi yake dubawa. Tumatir mai tabo ko da zamzam aka shayar da shi, a ƙasan kwando zai ƙare.

Na Dawanau:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban tofa ba. Ni harkata riɗi da wake da zoɓo, kuma na taɓa bin wannan hanya ta takarda, don haka ƙanin Hajiya ya saurara.
Wani mai saye daga waje ya nemi riɗin oganik. Na ce wannan ai sauƙi, rabin manoman riɗin da nake saye a wajensu a Jigawa ba sa sa komai, ba don aƙida ba, don ba kuɗin taki. Ya ce ba haka ake yi ba. Sai gona ta yi shekara biyu zuwa uku ba a sa mata sinadari ba kuma da shaida a rubuce, sai an zana taswirar kowace gona, kowane manomi da littafinsa, sai mai dubawa ya zo daga kamfanin da Turai ko Amurka suka amince da shi, ka biya jirginsa da masaukinsa da kuɗin aikinsa da kuɗin waje, kuma duk shekara. Rumbu daban, buhu daban, mota daban. Maƙwabci ya yi feshi iska ta kaɗo, an soke ka. Da na buga lissafi, sai in na haɗa manoma ɗaruruwa a ƙungiya ɗaya abin zai fitar da kansa. Na haƙura. Talakan manomi dai oganik ne na dole, amma ƙarin kuɗin na mai takarda ne.
Sannan ku bar ganin laifin gona kawai. Ɓarnar da ta fi yawa a sito ake yin ta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda maganin ƙwarin da aka samu a ciki ya wuce ƙima, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Ba a gona aka zuba shi ba. Bayan an casa an zuba a buhu ne ake yayyafawa, ko a jefa ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake kira bom, don kada wake ya huje kafin farashi ya tashi. Ko da manomi ya noma shi da addu'a kawai, in ya biyo ta hannun irin wannan ɗan kasuwa, an gama. Haka masu nuna ayaba da mangwaro da kabayid.

Maman Iman, Abuja:
Innalillahi. Alhaji, to waken da nake zaɓa mai tsabta marar huji ko ɗaya...

Na Dawanau:
Hajiya, ni dai a gidana in aka ga ɗan ƙwaro yana yawo a wake ba a ɓata rai. Amma akwai mai tsabta na halal: wanda aka ajiye a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Ana ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu da kansu, ba digon magani. Ko jarka ko duro mai murfi, in an cika an toshe. Ki sayi wakenki da kaka daga hannun manomi, ki adana da kanki.

Sista Mai Abinci:
A ƙara da gyaɗa da masara masu fumfuna. Gubar da ke cikinsu, afalatoksin, tana lalata hanta, kuma ba ruwanta da taki ko feshi, rashin busarwa ne da ajiya a danshi. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Ga kuma latas da kabejin da ake shayarwa da ruwan kwatar birni, irin na bakin rafin Jakara a Kano. Wannan ba a sa masa takin zamani sosai ba ma, ruwan ya ishe shi taki, amma wa zai ce lafiyayye ne?

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu nan Nijar ina ga mun ɗan riga ku shiga wannan gardama, don takin zamani bai taɓa wadatarmu ba. Abin da ya taimake mu shi ne sassabin zamani: in kana sharar gona ka tarar da kututture yana toho, kada ka sare duka, ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a yankin Maraɗi wajen 1983, manoma suka ɗauka da kansu, yau ana maganar wajen hekta miliyan biyar da itace ya dawo a Maraɗi da Damagaram. Gawo shi ne sarki, da damina yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana, ƙarƙashinsa kuma ku zo ku ga zangarniya. Wajen Tawa kuma tassa suke yi, rami a fako a zuba taki ya riƙe ruwa, irin aikin da marigayi Yakuba Sawadogo ya yi suna da shi a Burkina.
Amma ga inda zan ɓata wa Hajiya Uwar Zogale rai kaɗan. Ƙasarmu yashi ce, tana da yunwar fosfat, kuma taki bai isa ya cike wannan ramin ba. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore suka koya muna sa takin zamani ɗan kaɗan, cikin murfin kwalbar lemo ko ma tsunkule da yatsu uku, a ramin shuka tare da takin gida. Wanda ya haɗa gawo da taki da wannan murfin kwalba shi ke cika rumbu. A dokar Turawa, wannan tsunkulen kaɗai ya fitar da shi daga oganik. To sai mu bar shi don sunan?

Uwar Zogale:
Ba ka ɓata min rai ba ɗana, kashi tara cikin goma na abin da ka lissafa ai namu ne. Kuma akwai inda aka yi shi zalla ya yiwu. Jihar Sikkim a Indiya tun 2016 gaba ɗayanta oganik ce.

Malamin Gona Mai Ritaya, Zariya:
Haka ne Hajiya, amma Sikkim mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, sun fara shiri tun 2003, kuma shinkafar da suke ci da yawa daga sauran jihohin Indiya take zuwa, inda ake zuba yuriya. Ki duba Siri Lanka. A Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani da maganin feshi dare ɗaya, ya ce ƙasar ta koma oganik. Noman shinkafa ya faɗi warwas, ƙasar da ke ciyar da kanta ta koma sayowa daga waje, ganyen shayin da suke samun kuɗin waje da shi ya ragu. Kafin ƙarshen Nuwamba an janye dokar. A Yulin 2022 jama'a suka mamaye fadarsa ya tsere. Ba takin kaɗai ya kore shi ba, bashi da rashin dala sun riga sun ci ƙasar, amma ya ƙara wa wutar fetur.
Manyan nazarce-nazarcen da aka yi sun nuna amfanin gonar oganik yakan gaza na ɗaya da wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, hatsi ya fi jin jiki, wake da dangoginsa ba sosai ba. Mu kuma a Afirka matsalarmu ba yawan taki ba ce. A taron Abuja na 2006 shugabanni sun tarar manominmu kilo 8 yake sawa a hekta, suka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015, ba a kai ba. Bature da ya yi shekaru yana ɗura wa ƙasarsa har ruwan rijiyarsa ya gurɓace, shi ya kamata ya yi azumi. Mu da ba mu karya ba?

Mai Lambu, Kura:
Azumin ma muna yi Malam, na dole. Buhun takin kamfa da muka saya dubu biyar da ɗari biyar a 2017, yau ya haura dubu talatin nesa. Shi ya sa kashin kaji ya yi daraja, tun kajin na cikin keji ake biyan kuɗin buhunsa. Bara har faɗa aka yi a kan juji a garinmu.

Uwar Zogale:
Ka gani ba? Tsada za ta dawo da ku hanyarmu ko kuna so ko ba kwa so. Ni ban sauka daga ra'ayina ba, abin da zan iya nomawa ba guba ba zan sa masa ba.

Maman Iman, Abuja:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Kantin nan dai na bar shi. Mama Uwar Zogale, zan biyo ki ta akwatin sirri, in da hali na zo na ga lambun da idona, in ya so na riƙa saye a wajenki, ki kuma koya min noman ganye a buhu a bayan gida. Alhaji Na Dawanau, buhun PICS ɗin nan a ina ake samun na ainihi? Ƙanin nawa kuma na tura masa duk maganganunku, ya ce shi fa har yanzu yana kan bakansa.

Malamin Gona Mai Ritaya, Zariya:
Kada ki yi masa gardama 'yata. Ki ce ya raba gonar uku bana: kashi ɗaya taki zalla, ɗaya takin zamani zalla, ɗaya ya haɗa. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, ya rubuta ko sisi da ya kashe har kuɗin ɗaukar taki. Da kaka ya auna kowanne daban. Kuma kafin ya shuka, ya kawo sunan wanda zai saya a farashin oganik ɗin.

Na Dawanau:
Buhu wajen masu sayar da iri da maganin feshi za ki tambaya, Hajiya. Ki buɗe ki duba ledar ciki biyu ce kuma mai kauri, ki hura mata iska ki ga ba ta da huji. Kada a ajiye inda ɓera zai kai.

Mai Lambu, Kura:
In ƙanin naki zai sayi kashin kaji ya yi maza, wata mai zuwa masu albasa za su kwashe shi.